Sunan da Ke Katin Abbati

Kaura Namoda, 12 ga Satumba, 2021

Zuwa ga yayan Salima,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta tashi tun da ruwa ya yi yawa. Geron da aka shuka mana a Banga an ce ya yi kai, amma har yau ba wanda ya yarda ya je ya duba, ka san dalili.

Tun da aka yanke layin waya a jihar nan na rasa yadda zan ji muryarka. To ga amfanin ajin yaƙi da jahilcin da ka yi ta yi mini dariya a kansa. Shekara uku ina zama gaban Malama Lubabatu da furfurata, yau ga shi ba na roƙon kowa ya rubuta mini. In ka ga layi ya karkace, faifai ne teburina. Maitama direba zai kawo maka.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Jiya matar Malam Haladu ta zo Kaura gaisuwar rasuwa, ta biyo ta wurina. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara kuka. Ta ce ka ɗauke mijinta daga ɗakin kati, ka kai shi bakin ƙofar asibiti yana raba wa mutane lamba. Ta ce katunan da ya tara shekara ashirin da bakwai ka sa an ɗura su a buhunan taki, ka kawo kwamfuta da wata yarinya ka zaunar a kujerarsa. Na ce mata yayan Salima ba zai yi haka ga mutumin da ya ɗauki makarar ubansa ba. Ta ce in tambaye ka. To ga shi na tambaya.

Ba kunyar da ka jawo mini ce kaɗai ta dame ni ba. Abbati ne, ɗan ƙanwarka. Kana makaranta lokacin, ba ka gani ba. Yana shekara biyu aka ba shi wani maganin ruwa mai ruwan hoda don tari, a asibitin nan naku. Kwana uku fatarsa ta fara saɓulewa kamar dafaffen dankali, leɓunansa suka fashe, ko nono ya kasa kamawa. Likitan wancan lokaci ya ce in aka sake ba shi irinsa, sai dai wani ikon Allah. Ya rubuta sunan maganin a bayan kati. Ni ban riƙe sunan ba, Salima ba ta riƙe ba, likitan kuma ya bar garin. Kati ne ya riƙe, Malam Haladu kuma ya riƙe katin. Duk ranar da Salima ta kai yaron, kafin ta buɗe baki ya zaro shi, ya bi ta har ƙofar likita yana cewa a duba baya.

Yanzu katin yana cikin wane buhu? Lokacin zazzaɓi ne, yaron kuma ba ya da ƙwari. Ka ba ni amsa ta hannun Maitama, kada ka ce aiki ya yi yawa.

Ka gaida Salima da mijinta Safwan.

Innarku

*

Daga asibiti, bayan Zurmi, 19 ga Satumba

Inna,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na kuma yi murna da ganin rubutunki. Allah ya ƙara miki lafiya. Ki daina ɗaure gwiwar da tsumma mai zafi, ki sha abin da na bar miki. Salima da Abbati suna lafiya, na gan su ranar Juma'a.

Inna, ba a kori Baba Haladu ba. Aiki aka canza masa, kuma da yardar likita. Matarsa ta faɗa miki rabi, bari in faɗa miki sauran.

Baba Haladu ba da suna yake ajiye kati ba, ba kuma da lamba ba. Gida-gida yake ajiyewa, yadda shi kaɗai ya gane. Na gidan maƙera suna cikin gwangwanin madara, na Fulanin gabas suna ƙarƙashin tebur ɗaure da roba, na mahauta suna bayan taga. Bara da aka yi masa aikin ido ya yi kwana goma sha biyu a gida, asibitin nan ya zama kamar an rufe shi. Mata suna zaune da yara masu zazzaɓi tun hantsi har la'asar, mu huɗu muna tonon gwangwanaye. Ran da Allah ya karɓi abinsa fa? Sai mu binne shi da sanin garin nan duka?

Sannan yanzu garin ya cika da mutanen ƙauyukan da suka gudo, waɗanda bai san kakanninsu ba. Wanda ya sani shi yake fara sallama, baƙuwa ta yi ta jira. Wannan ba zumunci ba ne, Inna, son kai ne, ko da mai yinsa bai nufa ba.

Yarinyar da kike cewa sunanta Nazifa, daga Gusau, kuma ta karanta aikin. Kwamfutar da hasken rana take aiki, ba ruwanta da layin waya. A faɗi suna, minti biyu an samu mutum. Tun da muka fara ba a ƙara yin faɗa a layi ba.

Maganar Abbati ki kwantar da hankalinki. Yana ciki. Ni da hannuna na shigar da shi daga tsohon katin, da sunansa na yanka, Sufyanu Safwan, da jan layi a kansa.

Abu na ƙarshe, don Allah. Ki riƙa rubuta sunana a bayan ambulan. Na san ni ɗan fari ne, ban ce ki kira ni da baki ba. Amma “yayan Salima, asibiti” ba adireshi ba ne. Maitama ya san ni, sai dai ba kullum shi zai kawo ba.

Ɗanki,
Kamalu S. Banga

*

Kaura Namoda, 23 ga Satumba

Zuwa ga yayan Salima,

Sallama da gaisuwa. Lafiya lau nake, in ka cire tashin hankalin da takardarka ta sa ni. Gwiwa tana nan, tsumman kuma yana nan, don shi ke yi mini aiki.

Wane irin rubutu ne wannan, jan layi a kansa, sai ka yi shiru? A ajinmu in Malama ta ja jan layi, abu ya ɓaci ke nan. Na ɗauki takardar na ɗingisa har gidanta, tuwo a kan wuta. Ita ta ce mini alamar gargaɗi kake nufi. Kai da ka yi makaranta mai yawa, ka riƙa rubuta magana har ƙarshenta.

Sannan ka rubuta mini sunan ubanka tsirara a tsakiyar takarda, ba Malam ba marigayi. Na bi shi da biro na shafe har wurin ya huje.

Na ji maganarka kan Malam Haladu, kuma ban ce duk ƙarya ce ba. Tun muna Banga yake da son nasa. Amma ka ce a faɗi suna, minti biyu. To wa zai faɗa? Salima? Yaron nan sunan ubanta ya ci, shi ya sa ake ce masa Abbati. Tun da aka yanka masa rago bakinta bai taɓa furta wancan suna ba, nawa ma haka. In yarinyar taku ta ce mata ya sunan yaro, Abbati za ta ce, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Kai ba a gidan nan ka tashi ba? Ka ƙidaya Abbati nawa ka sani, Nagoggo nawa, Ummi nawa. In uba ya kai yaro asibiti ya faɗi suna ɗaya. In uwa ta kai shi ta faɗi wani. In kaka ce, na uku. Mace ba za ta faɗi sunan surukinta ba don an sa mata akwati mai haske a gaba.

Ka taɓa tsayawa ka ji yadda Malam Haladu ke yi? Ba ya tambayar mace suna. Sai ya ce, ke ɗiyar wa ce? Wane gida kike aure? Wanga yaro takwaran wa ne? Tambaya uku ya kama sunan da kansa, ita ba ta ji kunya ba, kati kuma ya fito. Abin da ka kai bakin ƙofa ke nan.

Ka tashi yau ɗin nan ka duba akwatin naka, ka ga ko akwai wani Abbati Safwan da ba shi da jan layin. In akwai, ka haɗa su. Abin da nake roƙo ke nan.

Maganar ambulan kuwa, ka bar ta. Shekara talatin da uku kana amsawa ba tare da na kira ba, ba takarda ce za ta canza ni ba. Motar Maitama tana wurin gyara, zan ba wani direba da ya ce ya san asibitin.

Innarku

*

Kaura Namoda, 9 ga Oktoba

Zuwa ga yayan Salima,

Sallama. Ina fatan kana lafiya, tunda ni ba a faɗa mini.

Yau kwana goma sha shida. Kullum sai na je tasha, har masu keke sun san ni, suna ce mini Hajiya mai takarda. In maganata ce ta yi maka zafi, ka rubuto ka ce ta yi zafi. In kuma yanzu ka wuce a faɗa maka gaskiya saboda ka iya danna akwati, shi ma ka faɗa in sani. Shiru ba amsa ba ce. Ubanka ma bai taɓa yi mini shi ba.

Jiya Maitama ya dawo kan hanya, ya kawo mini saƙon baki daga Salima. Abbati kwana huɗu yana zazzaɓi da tari. Tari, ka ji? Ta kai shi asibiti ranar Talata an ba shi na zazzaɓi, an ce ta komo in bai sauka ba. Safwan ya tafi yankan gero da mutanen gari, sai an gama za su dawo.

Gobe zan hau mota. Na san hanya, na san abin da ke cikinta, ba sai ka faɗa mini ba. Na ba Malama Lubabatu makullin ɗaki da amanar kaji. In ka ga takardar nan kafin ka gan ni, ka je ka duba abin da na ce ka duba.

Innarku

*

Shinkafi, 11 ga Oktoba

Inna,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya. Ya gwiwa?

Tun takardata ta goma sha tara ga wancan wata ban ga amsarki ba. Na san fushi kike yi saboda Baba Haladu. Inna, mutum ya yi wata uku yana shigar da kati dubu shida da hannunsa, mahaifiyarsa kuma ta ƙi ce masa ko sannu, don abokin mijinta ya koma wata kujera? To shi ke nan. Ni dai ba zan daina rubutowa ba.

Ina ƙasar Shinkafi tun ashirin da takwas ga Satumba. Wani ƙaramin asibiti a nan ya ji labarin aikinmu, suka roƙi likitanmu ya ba su aron ni in koya musu. Na bar Nazifa a kan aikin, na kuma gaya mata kada ta bari kowa ya sa mata baki, har shi Baba Haladu, don in aka ba shi fuska gwangwanayen za su dawo. An mayar da shi aikin yamma ma, saboda da safe yakan bar ƙofa ya zo taga yana gyara mata.

Ga abin da zai faranta miki rai in kin yarda. Kafin in taho na duba lissafin yaran da ke cikin kwamfuta. Tun da muka fara sun ƙaru da ɗari huɗu da wani abu. Mutane sun ga ba a jira, sun saki jiki suna kawo yaransu. Likita ya sa a rahoton da zai aika sama, da sunana a ciki.

Kada ki yi tunanin hawa hanyar Zurmi a kwanakin nan, ko me kika ji. Ba ta da kyau.

Ɗanki,
Kamalu S. Banga

*

Gidan Salima, 15 ga Oktoba

Zuwa ga yayan Salima,

Sallama. Zan fara da abin da ya kamata, ba kamar kai ba: Abbati yana da rai, yana samun sauƙi, yau ya sha fura ludayi biyar. Salima lafiya. Ni ma na iso lafiya, sau biyu muka tsaya a hanya direba yana sauraren daji, amma Allah ya tsare.

Maitama ya biyo ni nan da takardarka ta Shinkafi, shi zai nemi mai kai maka wannan. Na karanta. Yara ɗari huɗu! Zan zo kansu. Ka zauna ka ji abin da ya faru ranar Litinin.

Da safe yaron ya fara numfashi da ƙyar, muka ɗauke shi. An ba mu lamba a ƙofa, kuma gaskiya ba mu daɗe ba, wannan na ba ka. Sabon likita ya duba shi ya ce ciwon ya sauka ƙirji, a kwantar da shi. Na ce, likita, akwai maganin da ba a ba wanga yaro. Ya ce wanne? Na ce mai ruwan hoda. Ya ce, Mama, masu ruwan hoda sun fi biyar. Ya duba takardar da ta fito daga ɗakin kati, ya ce ba a rubuta komai ba. Mutum sittin na jiransa a waje, ban ga laifinsa ba.

Muna ɗakin yara sai ga nas da kwalba da cokali. Salima ta ga kwalbar. Ta ce, Inna, kamar shi ne. Nas ta ce, kamar ba magana ba ce, likita ya rubuta, yaro na wahala. Na riƙe wa nas ɗin hannu. Wallahi na riƙe. Na ce, ɗiyata, ki ba ni minti biyar, in ban dawo ba ki yi aikinki. Na ce wa Salima ta rufe bakin yaron da tafinta.

Na tafi tagar kati da gwiwar nan. Na ce wa Nazifa, yaron da aka kwantar yanzu yana da wani katin.

Ta ce, “Mama, Abbati Safwan, ga shi nan, ni na buɗe masa ranar Talata. Babu komai a kansa.”

Na ce, “Ba shi ne sunansa na yanka ba.”

Ta ce, “To mene ne?”

Na ce, “Sunan uban ogan naku.”

Ta ce, “Oga ai S. yake rubutawa, S. Banga. Sani?”

“A'a.”

“Salisu? Shehu? Sanusi? Sulaiman?”

Ka ga abin da gajarta sunanka ya jawo. Na ce ta nemi Safwan kawai. Ta danna, ta ce Safwan sun fi arba'in. Matan da ke bayana, baƙi ne 'yan gudun hijira, suka fara magana. Wata ta ce, “Tsohuwa, in kin manta sunan jikanki ki matsa mu wuce.” Na tambayi ina Malam Haladu, aka ce sai yamma. Umarninka.

Na buɗe baki. Kada ka ce ban buɗe ba. Shekara talatin da biyar tun ranar da aka kai ni ɗakinsa, sunan nan bai bi ta harshena ba, yana raye ko bayan ransa. Na ji shi ya zo nan maƙogwaro ya tsaya kamar ƙashin kifi. Na sake gwadawa, iska kawai ta fito. Na san da an ƙara minti ɗaya da na yi ihunsa kowa ya ji, amma sai idona ya faɗa kan biron da ke maƙale a hijabin yarinyar.

Na ce, “Ba ni wancan.”

Ta ce, “Mama, kin iya?”

Na ce, “Ba ni, ke dai.”

A bayan lambar da aka ba mu a ƙofa na rubuta. Ban taɓa rubuta shi ba, ko a aji. Sau ɗaya na gan shi a takardarka kafin in shafe, ashe ido ya riƙe. Harafin farko ya fito kamar macijin da aka taka. Na tura mata na kau da kai.

Ta danna. Sai na ga jan haske a fuskarta kafin in ga akwatin. Yarinyar nan ta ce innalillahi, ta tashi ta ture kujera, takalmi ɗaya a ƙafa ta ruga ɗakin yara. Da na isa, nas ta rufe kwalbar, likita yana tsaye yana karanta sunan maganin. Shi ne. Shi ɗin ne dai. Ya canza wani, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni.

Jan layinka ya yi aiki, ban hana maka ba. Amma a kan yaron da ba wanda zai kira sunansa ka ja shi.

Da la'asar Malam Haladu ya zo. Nazifa da kanta ta je ƙofa ta kamo hannunsa, ta ce in oga ya dawo ya kore ta. Ta zaunar da shi kusa da ita tana karanto sunaye. Tana faɗa yana cewa, “Wanga da wancan yaro ɗaya ne, na gidan maƙera. Wannan Ummi ita ce Maimunatu ta ɗazu. Wannan ukun duk ɗan Sarkin Fawa ne, uwa ta kawo, uba ya kawo, kaka ta kawo.” Kafin magariba sun samu talatin da bakwai. Ga yaranka ɗari huɗu nan, ba a haife su ba. Ka je ka gaya wa likita kafin rahoto ya yi nisa.

Sauran magana ɗaya, kuma ba na son ka yi dariya. Takardata ta ashirin da uku, wadda na faɗa maka duk wannan a ciki, tana aljihun Malam Haladu. Direban ya manta ta a mota mako guda, da ya kawo ya zagaya asibiti yana neman yayan Salima. Mutum uku suka amsa. Mai gwajin jini ya buɗe ya karanta rabi kafin ya gane ba uwarsa ba ce. Malam Haladu ne ya karɓa ya ce ya san mai ita, amma ka riga ka tafi. Na sa maka ita a nan, da ta tara ga wata. Ka karanta ka ga ko fushi nake yi.

Innarku

*

Daga asibiti, bayan Zurmi, 21 ga Oktoba

Inna,

Na dawo jiya, na tarar Maitama ya mayar da ke Kaura. Na je na ga Abbati, yana tsakar gida yana korar awaki. Na daɗe a tsaye ina kallonsa. Allah ya saka miki da alheri, ya kuma yafe mini.

Na karanta takardun uku a jere. Ni ma Abbati nake ce masa, amma da na zauna gaban kwamfuta sai na yi kamar ba a gidanmu aka haife ni ba.

Na je wurin likita na faɗa masa lissafin yara ba daidai ba ne. Bai yi faɗa ba, ya dai cire tabarau ya dube ni har na gwammace ya yi. An dakatar da rahoton. Na kuma aika Shinkafi su tsaya, sai na koma na warware abin da na koya musu.

Na je gidan Baba Haladu na ba shi haƙuri. Ya bar ni a durƙushe har ya gama cin goro. Yanzu kujerarsa tana kusa da ta Nazifa, shi ke tambaya ita ke dannawa. Tambayoyinsa uku na buɗe musu gurbi a kwamfutar: sunan gida, takwaran wa, gidan wa. Duk abin da ya faɗa ana shigarwa, don ranar da ba ya nan. Mun kai ɗari biyu da goma da aka haɗe, cikinsu shida masu jan layi.

Amma Inna, kada ki ɗauka ya zama waliyyi. Yau da safe na kama shi ya sallami matar ɗan ƙanensa kafin baƙi tara. Lamba tana nan, ba zan cire ba ko zai kai ƙarata Kaura. Ya kuma nemi a dawo masa da gwangwani ɗaya, wai na ajiye goro. Na san ba goro ba ne.

Na ɗaure biro da igiya a taga, da ƙananan takardu, don wadda bakinta ya kasa.

Nazifa ta ajiye lambar da kika yi rubutu a kai, ta ƙi ba ni. Tana gaishe ki.

Yanzu Inna, ba don in ja magana ba. Laifin jan layi nawa ne, na ɗauka. Amma takardar da za ta hana duk wannan ta yi kwana ashirin tana yawo saboda ba suna a bayanta. Wannan na wa ne?

Ɗanki,
Kamalu

*

Kaura Namoda, 26 ga Oktoba

Sallama. Lafiya lau. Gwiwa ta kumbura tun gudun da ka sa ni, na kuma dawo na tarar kaza ɗaya ta ɓata.

Biro a igiya! A matan da suka tsaya bayana ran nan, nawa ka ga sun iya riƙe shi? Ko uku ba za su kai ba. Na yi wa Malama Lubabatu magana, tana da ƙanwa da ke aure a garin naku, ita ma ta iya koyarwa. Matan nan suna zaman jira ƙarƙashin darbejiyar asibiti ba abin da suke yi. Ka nemi allo da alli, ka roƙi likita. Ba sai sun karanta jarida ba, suna uku ko huɗu ya ishe su. Wannan karon ka tambayi mutane kafin ka fara.

Maganar lamba kana da gaskiya. Ka gaya wa Malam Haladu ni na ce.

Ka ce laifin takarda na wa ne. Kai da ka bar ɗan ƙanwarka ya zama mutum biyu, har kana da bakin tambaya? To na ji. Maitama ma ya ce ba zai ƙara ɗaukar mini takarda marar suna ba, ya tsaya a kaina a tasha gaban mutane. Na ce ya juya baya, ya juya.

Ka duba bayan ambulan. In ka gama dubawa ka yage shi ƙanana, kada Salima ta gani ta ba garin labari. Kuma kada ka sa rai da yawa. Hannu ne ya rubuta. In ka zo gida, a bakina kai ne dai yayan Salima.

Innarka